Ƙwallon Kwando A Amurka: Nawa Ne Kuɗin Na Biyu?

A cikin watan Yuli na shekarar 2024, wani ɗan wasan ƙwallon kwando mai suna Klay Thompson ya tattara kayansa, ya bar ƙungiyar Golden State Warriors ta jihar Kalifoniya bayan zaman shekara 13, ya koma ƙungiyar birnin Dalas. Shi da Warriors sun ɗauki kofin ƙasa sau huɗu tare. Abin da ya raba su kuwa magana ce ta ciniki: shugabannin ƙungiya sun yi masa kuɗi, shi kuma ya ga darajarsa ta wuce nan. Tun daga farkon zamansa har ƙarshe, Thompson bai taɓa zama tauraron farko na ƙungiyar ba. Wannan matsayi na Stephen Curry ne. Shi na biyu ne, kuma auna darajar na biyu yana cikin abubuwa mafi wuya ga masu tafiyar da wannan sana'a.

Ga mai karatu wanda bai saba da wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Kowane ɓangare mutum biyar ne a fili, suna neman jefa ƙwallo cikin kwando wanda aka rataye mita 3 da santimita 5 daga ƙasa. Jifa daga kusa maki 2 ne. Jifa daga bayan wani layi da aka zana kamar baka, wajen mita 7 daga kwando, maki 3 ne. Wasa kashi huɗu ne, kowane kashi minti 12. Babbar gasar da ake kira NBA tana da ƙungiya 30, kowace tana yin wasa 82 a kaka ɗaya, sa'an nan waɗanda suka fi ƙwazo su shiga zagayen fid da gwani, inda ƙungiya biyu ke karawa har ɗaya ta ci wasa huɗu.

Cikin mutum biyar ɗin nan, uku dogaye ne, aikinsu ya fi yawa kusa da kwando. Sauran biyun su ne ƴan baya. Ɗaya shi ne jagora, mai ɗauko ƙwallo daga baya, mai raba shi ga ƴan'uwa. Ɗayan shi ne maharbi, wanda ake nema wa hanya don ya jefa daga nesa. Curry shi ne jagora, Thompson maharbi. Sai dai Curry jagora ne wanda ya fi kowa a tarihin gasar yawan jefa maki 3, watau dai maharbin ƙungiya yana zaune kusa da wanda ya fi shi harbi. Ƙwallo kuwa ɗaya ne.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda sai an fahince ta sauran labarin zai fito. Dokar gasar ta ƙayyade iyakar abin da ƙungiya za ta biya ƴan wasanta gaba ɗaya a shekara. Wadda ta wuce wani mizani za ta biya tara, tarar kuma tana ninkuwa gwargwadon yadda aka wuce. Saboda haka duk dalar da aka ba na biyu, an hana ta na uku da na huɗu. Dalar da ake nufi a nan ta Amurka ce, wadda ta haura sefa 500, kada a ɗauke ta ga dalar kasuwa mai tamma biyar.

Shawarar 2014

An ɗauko Thompson daga jami'ar jihar Washinton a 2011, shi ne na 11 cikin zaɓen sababbin ƴan wasa na shekarar. Ɗan gado ne: mahaifinsa Mychal Thompson, mutumin tsibiran Bahamas, shi aka fara zaɓa a 1978, ya kuma ɗauki kofi sau biyu da ƙungiyar Lakers a 1987 da 1988. A watan Maris na 2012 Warriors suka sallami Monta Ellis, wanda shi ne ya fi ci musu maki a lokacin, suka ba yaron wurinsa kusa da Curry.

Gwaji na farko ya zo a 2014. Ƙungiyar Minnesota tana da wani dogo mai suna Kevin Love, wanda ya nuna yana son tashi. A kakar da ta gabata Love yana cin maki 26 a kowane wasa, yana kuma cafke ƙwallon da ya kuskure kwando sau 12. Thompson yana cin maki 18. Minnesota ta ce in Warriors suna son Love, su sa Thompson cikin musaya. Duk wanda ya dubi takardar lissafi kaɗai zai ce a karɓa da hannu biyu, 26 ai ta fi 18. Mutum biyu suka tsaya suka ce a'a: sabon mai horo Steve Kerr, da tsohon gwani Jerry West mai ba ƙungiyar shawara, wanda jaridu suka ruwaito cewa har ya yi barazanar ajiye aiki in aka yi musayar. West ɗan baya ne a zamaninsa, ya san abin da takarda ba ta nunawa. Aka fasa. Love ya tafi Cleveland, Thompson ya sa hannu a yarjejeniyar shekara huɗu ta wajen dala miliyan 70. A kakar da ta biyo baya Warriors suka ci wasa 67 cikin 82, suka ɗauki kofin 2015, wanda rabonsu da shi shekara 40.

Me West ya gani? Abu na farko shi ne maharbin da ba ya bukatar riƙe ƙwallo. Yawancin manyan ƴan baya sai sun daɗe suna buga ƙwallo a ƙasa, suna lalubar hanya, kafin su jefa. In aka haɗa irin waɗannan biyu a ƙungiya ɗaya, lokacin da ɗaya ya ci, ɗayan ne ya rasa, sai a wayi gari maki 25 da maki 25 sun haɗu sun ba da 40. Thompson ba haka yake ba. Gudu yake yi ba ƙwallo a hannu, ya bi ta bayan dogayen ƙungiyarsa su tare masa mai binsa, ya fito fili, a miƙo masa, ya saki nan take. Ranar 5 ga Disamba 2016, a wasa da Indiana, ya ci maki 60 cikin minti 29. Masu ƙirga suka duba hoton wasan, suka tarar a dukan jifan da suka shiga sau 11 kacal ya buga ƙwallo a ƙasa, kuma duk riƙon da ya yi wa ƙwallo a daren bai wuce minti ɗaya da rabi ba. Ma'anar wannan ita ce makinsa ƙari ne a kan na Curry, bai rage masa komai ba. An sake ganin haka sa'ad da Kevin Durant ya shigo ƙungiyar a 2016, Thompson ya koma na uku. Kafin zuwan Durant yana cin maki 22 a wasa, bayan zuwansa ma 22 ɗin dai.

Har ila yau, ko bai taɓa ƙwallo ba yana da amfani. Tsoron harbinsa ya sa ba mai iya barinsa shi kaɗai don ya je ya taya wani tsare Curry. Mutum ɗaya na abokan karawa ya zama kamar an ɗaure shi da igiya a jikin Thompson, duk inda ya yi sai ya bi. Fili ya buɗe wa sauran. Ba wani gurbi a takardar lissafi da ake rubuta wannan.

Abu na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne tsaro. Curry bai kai mita 1 da 90 sosai ba, jikinsa kuma ba mai nauyi ba ne. Thompson ya kusa mita 2. Saboda haka a dare da yawa shi ake ba mafi haɗari cikin ƴan bayan abokan karawa, irin su Russell Westbrook, Damian Lillard, James Harden da Kyrie Irving, shi kuwa Curry a ba shi mai sauƙi, ya adana ƙarfinsa don hari. Wanda ya kwana yana bin Westbrook sama da ƙasa, ƙafafunsa sun yi nauyi kafin kashi na huɗu, amma duk da haka ana jiran ya jefa daga mita 7 ya shiga. Wani kaso na makin da aka rubuta da sunan Curry, da guminsa aka saye shi. Ma'aikatan da suka taɓa riƙe muƙamin mataimaki sun san irin wannan rahoto, wanda wani ke rubutawa wani ya sa hannu.

Daren da na farko ya kasa

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Na biyu ma sai ranar da aka ɗaure na farko ake sanin abin da ya iya. A farkon zagayen fid da gwani na 2016 Curry ya ji ciwo a gwiwa, ya rasa wasanni da dama. Thompson ya ɗauki kaya: a karawa da Portland yana cin maki 31 a kowane wasa, alhali shi ne ke tsaron Lillard. A zagaye na gaba Oklahoma City ta ci wasa uku, Warriors ɗaya, saura wasa ɗaya a kore su, su da suka ci wasa 73 a kakar, abin da ba a taɓa yi ba. Suka ci na biyar a gida. Ranar 28 ga Mayu, a wasa na shida, a filin Oklahoma, an shiga kashi na huɗu ana gabansu da maki 8. Thompson ya ci maki 41 a daren, da jifa 11 na maki 3, kuma 19 daga cikin makin a kashi na ƙarshe ya ci su. Warriors suka tsira. Bayan shekara uku, a wasa na shida da Houston, Durant na jinya, Curry ya je hutun rabin lokaci bai ci maki ko ɗaya ba. Thompson ya ci 21 a wannan rabin, ya riƙe wasan har Curry ya farfaɗo ya ci 33 a rabi na biyu.

Akwai wasu darare da ake yawan ambata, kamar maki 37 da ya ci cikin kashi ɗaya tak a kan Sacramento ranar 23 ga Janairu 2015, ya jefa 13 duka suka shiga, da jifa 14 na maki 3 a Shikago a Oktoba 2018. Waɗannan abin sha'awa ne, amma nauyinsu a ma'auni bai kai na daren Oklahoma ba, don ko ba su ƙungiyar za ta iya cin wasannin.

Masu ƙin yarda ma suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa Thompson bai iya ƙirƙiro wa kansa hanya ba, balle ya buɗa wa wani, don miƙon da yake yi a ci bai fi biyu zuwa uku a wasa ba. Suna cewa mutum biyu ke bin Curry, shi ya sa Thompson ke samun fili, in an kai shi ƙungiyar da ba Curry da an ga iyakarsa. Suna tunawa da wasa na bakwai na ƙarshen 2016, inda Cleveland ta ƙwace kofi, shi kuwa maki 14 ya ci. Wasu ma suna cewa na biyun gaskiya a ƙungiyar Draymond Green ne, mai tsaro da rabon ƙwallo. Gaskiyar da ke cikin wannan magana ita ce ba a taɓa gwada shi a matsayin na farko ba a kaka cikakkiya. James Harden an gwada shi: Oklahoma City ta sallame shi a 2012 saboda saɓanin kuɗi, yana na uku a can, ya je Houston ya zama gwanin gasar a 2018. Kyrie Irving ya gaji da zama a inuwar LeBron James, ya nemi a sake shi a 2017, ya je Boston, abin bai yi kyau ba. Amma tambayar ko na biyu zai iya zama na farko a wani gida, tambaya ce ta mai son saye. Wanda yake da na farko a hannu, abin da ya dame shi shi ne wa zai fi dacewa da wanda yake da shi. Ta wannan fuska da wuya a sami wanda ya fi Thompson. Love ya fi shi maki, amma da bai tsare wa Curry kowa ba.

Lissafin da bai ga na biyu ba yana da tsada. A ƙarshen kowace kaka ƴan jarida 100 ne ke zaɓen gwanaye 15 na gasar, kuma dokar albashi ta ɗaure da wannan zaɓe. A 2019 ba su zaɓi Thompson ba. Da sun zaɓe shi da yana da damar neman wajen dala miliyan 221 a shekara biyar, da ba su zaɓe shi ba iyakarsa 190. Ƙuri'ar ƴan jarida ta raba shi da kusan miliyan 30. A 2021, da gasar ta cika shekara 75 ta fid da sunayen manyan gwanayenta, nan ma babu shi. Sunayen 76 ne saboda kunnen doki, sai abokan wasansa suka ɗinka masa riga mai lamba 77 don tsokana. Ba shi ne farau ba. Joe Dumars na Detroit, na biyun Isiah Thomas, mai tsaron Michael Jordan, wanda aka zaɓa gwanin wasan ƙarshe na 1989, shi ma ba ya cikin jerin. Thomas yana ciki.

Gwiwa da agara

Ranar 13 ga Yuni 2019 aka yi wasa na shida na ƙarshe da Toronto, ƙungiyar da Masai Ujiri wanda ya tashi a Zariya ke shugabanta a lokacin, mai ɗan Kamaru Pascal Siakam a cikinta. Durant ya riga ya tsinke agara. Thompson ya ci maki 30 tun ba a gama kashi na uku ba, ya tashi sama zai zuba ƙwallo, aka taɓa shi, ya sauka a kan ƙafar hagu ba daidai ba, jijiyar cikin gwiwa ta tsinke. An riga an kama shi an nufi ɗaki da shi, sai aka tuna masa doka: in wani ya jefa masa jifan tara, ba shi da ikon komowa wasan. Ya juyo yana ɗingishi, ya jefa biyun duka suka shiga, sa'an nan ya fita. Bai komo ba. Toronto ta ci 114 da 110, ta ɗauki kofi.

Bayan mako uku Warriors suka ba shi dala miliyan 190 ɗin cif, sama da miliyar 100 na sefa, suna sane da cewa kaka guda ba zai taka fili ba. A Nuwamba 2020, ana gab da komowarsa, agarar ƙafar dama ta tsinke wajen motsa jiki. Sai ranar 9 ga Janairu 2022 ya sake wasa, bayan kwana 941.

Rashinsa ya ba da wani ma'aunin, ko da yake sai a yi hankali da shi. A kakar 2019 zuwa 2020 Warriors wasa 15 suka ci, suka sha kashi 50, amma wannan ba shaida ba ce, tun da Durant ya tashi, Curry kuma ya karye a hannu, wasa biyar kawai ya yi. Kaka ta gaba ita ce shaida. Curry lafiyarsa lau, ya fi kowa a gasar cin maki, 32 a kowane wasa, Green yana nan, amma ƙungiyar ba ta ko shiga zagayen fid da gwani ba. Da Thompson ya komo, suka ɗauki kofin 2022 a kan Boston. Sai dai kada a ɗora masa wannan nasara duka. Andrew Wiggins ne ya tsare babban gwanin Boston, Jayson Tatum, shi ne kuma mutane da yawa suka ɗauka na biyun Curry a wannan karawa.

A nan ne ma'auni ya soma juyawa. Hannu bai manta ba: a kakar 2022 zuwa 2023 Thompson ya jefa 301 na maki 3, ya fi kowa a gasar, yana cin kusan maki 22 kamar da. Wanda ya dubi takarda zai ce ba abin da ya sake. Amma ƙafafun da aka yi wa aiki sau biyu ba su iya bin ƴan baya masu sauri, sai aka riƙa ba shi dogaye masu nauyin jiki, aka nemo wasu su yi aikin da yake yi wa Curry. Takardar da ta rage masa daraja a 2014 don ba ta ga tsaro ba, ita ce ta ƙara masa a 2023 don ba ta ga tsaron ya tafi ba. A Fabrairu 2024 Kerr ya cire shi daga biyar na farko, abin da bai same shi ba tun 2012. Ranar 16 ga Afrilu, a wasan da in aka faɗi kaka ta ƙare, a kan Sacramento ɗin da ya taɓa zuba wa 37 cikin minti 12, ya jefa sau 10 ba ko ɗaya da ya shiga.

Albashinsa na wannan shekara dala miliyan 43 ne, ƙungiyar kuma tana biyan tarar wuce iyaka ta sama da miliyan 170. Shugabanni suka auna abin da zai iya yi gobe. Shi kuwa yana auna kofi huɗu da gwiwar da ya bari a fili ranar 13 ga Yuni. Ta fuskar wasa, shugabannin ba su yi kuskure ba, kuma kuɗin 2019 ya biya wani kaso na bashin baya, tun da kaka biyu da rabi aka biya shi bai taka fili ba. Inda za a iya kama su shi ne jan ƙafa da sanyin fuska wajen ciniki, har mutumin ya ji an mai da shi abin da za a duba bayan an gama da wasu. Ya karɓi dala miliyan 50 na shekara uku daga Dalas, wajen kashi biyu cikin biyar na abin da yake samu a shekara, don ya yi wasa kusa da Luka Doncic da Irving. Nan ma lissafi bai tsaya ba: a Fabrairu 2025 Dalas ta miƙa Doncic ga Lakers, a Maris Irving ya tsinke jijiyar gwiwa.

Warriors sun sanar tun ranar tashinsa cewa za su jingine lambarsa 11, ba mai sake sa ta. Ranar 12 ga Nuwamba 2024 ya komo San Faransisko da rigar Dalas. Da yake a da yakan tuƙo ƙaramin jirginsa na ruwa ya ƙetare bakin teku zuwa filin wasa, ƙungiyar ta raba wa ƴan kallo farar hular matuƙan jirgi, ma'aikatan gidan kuma suka yi layi suka tarbe shi a ƙofa. Ya ci maki 22. Curry ya ci 37, har da maki 12 na ƙarshe da ƙungiyarsa ta samu, Warriors suka ci 120 da 117.